RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Ya ku iyayenmu dattawan zongo, maza da mata, da ku 'yan'uwanmu samari da 'yan mata, muna neman gafararku tun ba mu fara ba, domin maganar da muka kawo a wannan fitowa ba irin wadda a kan yi a zaure ba ce. Sa'ad da muka yi shawarar buga ta, wani dattijo wanda mu ke ganin girmansa ƙwarai ya ce mana, "Yara, ku bar zancen nan. Na mata ne, kuma da kunya a ciki." Muka ce, "To, Baba, mun ji." Muka kwana uku muna juya maganarsa. Amma da muka auna abin da shirun nan ya ke jawowa, sai muka ga barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda ya ga mun yi rashin kunya ya yafe mana, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ga abin da ya tashe mu. Kakanninmu fatake sun sauke kayansu a Salaga da Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, suka kafa zongo ko'ina. Mu kuwa Allah ya sauke namu kayan a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda mutanen Nijar su ke da yawa, ga kuma na Gana da Togo da Nijeriya. Ba mu da unguwa guda, saboda haka titin Gate City Boulevard ya zama mana kamar bakin kasuwa. A nan mutumin Maraɗi kan gamu da na Kumasi, a gaisa, a tambayi gida. To, a ƙofar wani kanti a kan titin nan ne wani ɗan'uwanmu ya tare mu kwanan baya, fuskarsa ba walwala. Yana shirin kai iyalinsa gida in an yi babban hutun makaranta na watan Yuni, tare da 'yarsa mai shekara 6 wadda aka haifa a nan. Ya kunna mana saƙon murya na mahaifiyarsa, muka ji tsohuwa tana cewa, "In kun iso sai a kira wanzami ya duba yarinyar nan, tun da ba a duba ta ran suna ba. Kada ta girma haka nan." Ya dube mu ya ce, "'Yan'uwa, yaya zan yi? Uwa ce fa."

Mu shida ne a tsaye, duk magidanta, duk muna da 'ya'ya mata. Kowa ya sunkuyar da kai. Ba ɗaya daga cikinmu da ya iya faɗin abin da wanzamin zai duba, ko abin da askarsa za ta taɓa. Mun san canjin dala da sefa da sidi na kowace safiya, amma jikin 'ya'yan da Allah ya ba mu amana ya zama mana duhu. Wannan ita ce kunyar da ta kamata mu ji. Saboda haka muka tafi muka tambayi ungozomomi da likitoci, muka karanta, ga kuma abin da muka samo.

ABIN DA ALLAH YA HALITTA

Sunansa da Hausa ɗan-tsaka. Ba mu muka ƙaga kalmar ba, mun gaje ta ne. Yana can saman al'aurar mace, inda ƙananan leɓɓan farji biyu suka haɗu, bisa ƙofar fitsari kaɗan, da 'yar fata mai lulluɓe shi. Abin da ido ke gani bai fi ƙwayar wake ba, shi ya sa mutane su kan ce ai ɗan guntun nama ne kawai. To, sha'aninsa irin na rogo ne, babban yana ƙasa. Wannan da a ke gani kansa ne kurum. Gangar jikinsa ta shige ciki ta lanƙwasa, sa'an nan ta rabu biyu kamar ƙafafun mahayin doki, kowace ƙafa ta manne da ƙashin da ke ƙasan mara. Akwai kuma wasu tsokoki biyu masu kama da soso, dama da hagun ƙofar farji, waɗanda su kan cika da jini in sha'awa ta motsa. In an haɗa duka, tsawonsa ya kai kimanin inci 4.

Ku maza, ku saurara da kyau a nan. A makonnin farko na ciki, ɗan tayi namiji da mace ba su da bambanci ta wajen al'aura, tsiro ɗaya ne. Wajen ƙarshen wata na uku ya ke rarrabewa sosai, in namiji ne ya zama azzakari, in mace ce ya zama ɗan-tsaka. Watau asalinsu ɗaya, irin tsokarsu ɗaya, jijiyarsu ɗaya. Kaciyar namiji kuwa loɓa a ke cirewa, fatar da ta rufe kai, shi kan yana nan lafiya lau. Amma wanda ya yanke kan ɗan-tsaka daidai ya ke da wanda ya datse kan azzakari. Wane uba ne zai zauna a yi wa ɗansa haka, har ya ba da tukuici? Kiran abubuwan nan biyu da suna guda, kaciya, shi ne farkon ruɗin.

A 2022 waɗansu likitoci a birnin Portland na jihar Oregon suka ƙirga zaren jijiyoyin ji da ke shiga ɗan wurin nan, suka sami fiye da 10,000. Kada kuma ku zaci Turawa sun daɗe da ba shi haƙƙinsa. Wani masanin Jamus, Georg Kobelt, ya zana shi dalla-dalla tun 1844, amma littattafan koyon likita da yawa suka riƙa tsallake shi, har sai da wata likita a Melbourne ta ƙasar Ostareliya, Helen O'Connell, ta sake bayyana cikakken girmansa a 1998. Ashe rashin sanin nan, wanda ya fi dare duhu, ya daɗe yana kwana a gidan kowa.

Mene ne aikinsa? Fitsari ba ta nan ya ke fita ba, haila ma haka, haihuwa ma haka. Aikinsa shi ne jin daɗin mace a shimfiɗar aurenta. Shi ne kuma ke taimakon jikinta ya jiƙe ya saki, har saduwa ta zama ba zafi. Mata da yawa ba su samun gamsuwa sai ta wurinsa. Wanda ya halicci ido domin gani da harshe domin ɗanɗano, shi ya halicci wannan domin wannan, bai kuwa yi kuskure ba.

ABIN DA ASKA KE YI

A wurarenmu askar nan tana da suna uku. Akwai kaciyar mata, inda a ke yanke kan ɗan-tsaka ko fatarsa, wani wuri har da ƙananan leɓɓan. Akwai cire angurya, inda wanzami kan kankare ko ya yanke naman da ke bakin ƙofar farjin jaririya, yawanci cikin kwanakin suna, wai kada ya toshe hanya. Akwai kuma yankan gishiri, inda a ke tsaga bangon farji ta ciki, ga mace mai doguwar naƙuda, ko amaryar da ke jin zafin saduwa, ko wadda ba ta haihu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa yankan al'aurar mata kashi 4, ta sa angurya da gishiri a kashi na huɗu, ta kuma ce ba ɗaya daga cikinsu da ke da amfani ga lafiya.

Wurin nan cike ya ke da jijiyoyin jini. Jinin jikin jaririya duka bai wuce cikin ƙaramar kwalbar lemo guda ba, saboda haka ɗan abin da babba zai zubar ya tashi ya kama harkarsa ya isa ya kashe ta. Aska ɗaya da ta taɓa yara da yawa tana ɗaukar ciwon hanta da ciwon sarƙe haƙora. Wadda ta tsira kuwa sai tabo ya biyo ta, wata da ƙari a wurin, wata da zafin fitsari, wata da zafin saduwa muddin ranta. Tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama, don haka ranar haihuwa ya kan yage.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon binciken da aka yi a kan mata fiye da 28,000 da suka haihu a asibitocin ƙasashe 6, watau Gana, Nijeriya, Burkina Faso, Senegal, Kenya da Sudan. Aka ga waɗanda aka yi wa kaciya sun fi zubar da jini bayan haihuwa, sun fi kai wa ga tiyata, kuma cikin kowace haihuwa 100 a kan sami ƙarin jariri 1 ko 2 da ke mutuwa saboda ita. Yankan gishiri kuwa, mafitsara tana jingine ne da bangon da a ke tsagawa. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya an bi labarin mata 1,443 masu yoyon fitsari tsakanin 1969 da 1980. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, amma 13 cikin kowane 100 yankan gishiri ne. Wanda ya taɓa shiga Babbar Ruga a Katsina, ko asibitin Danja kusa da Maraɗi, ya ga 'yan matan da mazansu suka saka saboda wari, ba ya bukatar mu ƙara masa bayani.

AMSA GA MASU KAWO HUJJA

Na farko su kan ce, "Ai mu Hausawa ba mu kaciyar mata, angurya ce kawai." To, ku da kuka daɗe a garin nan kun san titin da mu ke kira Gate City Boulevard a dā High Point Road a ke ce wa babban ɓangarensa. An sauya allo, amma kwalta tana nan, inda ta ke kai mutum jiya nan ta ke kai shi yau. Haka askar nan ta ke. Ku kira ta kaciya, ku kira ta angurya, ku ce dubawa ce, duk cikin wurin da bai kai tafin hannun jaririya ba a ke yin ta, kuma ba uban da ke tsaye yana ganin inda ta tsaya. Ƙidayar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta sami mace 1 cikin kowace 5 an yi mata, ƙasar Hausa kuwa ba ta fita daga lissafin ba. Sa'an nan zongo gidan kowa ne, mun yi auratayya da kabilu iri-iri, al'adu sun cakuɗa. Kada kowa ya nuna maƙwabci da yatsa.

Na biyu su kan ce addini ne. A nan muna tafiya a hankali, domin mu ɗalibai ne. Gaskiya ne Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure, ta sa kaciya sunna ga maza, ga mata kuwa ta kira ta makrama, ba ta ce wajibi ba. Hadisin Ummu Aɗiyya da a ke kafa hujja da shi kuwa, Abu Dawuda da ya kawo shi da kansa ya ce mai rauni ne. Mai Risala mutumin Ƙairawan ne a Tunisiya. Ku tambayi alhazan Tunisiya da Aljeriya da Maroko, duk Malikawa irinmu, za su gaya muku ba su san al'adar nan ba. Ku duba kuma ku ga Kiristocin Misira da na Habasha suna yi, masu bin addinin gargajiya ma suna yi, domin abin ya girmi Musulunci a kwarin Nilu. A watan Nuwamba na 2006 manyan malamai suka taru a Alƙahira, har da Shehun Azhar, suka ce a bar ta. A 2007, bayan wata yarinya mai shekara 12 ta mutu wajen kaciya, Muftin Misira na lokacin, Shehu Ali Juma'a, ya ce haram ce. Malaman dā sun yi hukunci gwargwadon sanin likitancin zamaninsu. Ƙa'idar fiƙihu kuwa ita ce, abin da ba wajibi ba in cutarsa ta tabbata sai a bar shi.

Na uku su kan ce tana tsare mutuncin yarinya, kada ta yi rawar kai. Sha'awa a ƙwaƙwalwa ta ke da cikin jini, aska ba ta isa can. Abin da a ke yankewa gamsuwa ce, sai a bar mace da ƙishirwa a fasa mata tulu. In da nama ke jawo fasiƙanci, ai da samari aka fara. Mutunci tarbiyya ce, ita kuwa a bakin uwa da uba ta ke, da abin da yaro ya ga suna yi. Shari'a ma ta san haƙƙin mace a shimfiɗa, har alƙali kan ɗibar wa mijin da ya kasa wa'adin shekara guda, in bai warke ba matar ta sami zaɓi. Yaya za mu ce haƙƙinta ne, alhali mun yanke mata hanyar samunsa tun tana cikin zanen goyo? Ku dubi kuma abin mamaki. Mu yanke da aska tana kwana 7, sa'an nan in ta shekara 20 mu zuba kuɗi wajen masu kayan mata muna neman abin da muka zubar da hannunmu. Gidaje nawa ne suka mutu a kan haka, aka ce aljani ne, ko aka ce sammun kishiya ne?

Na huɗu su kan ce, "To, a taɓa kaɗan, ko a yi a asibiti da allurar kashe zafi." Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Yarinyar nan ta Misira da muka ambata a hannun likita ta mutu, cikin ɗakin shan magani. Hannu mai safa yana iya rage ƙwayar cuta, amma jijiyar da aka datse ta datsu. Kaɗan ɗin nan kuma wa ke auna shi, a jikin jaririya mai wutsil-wutsil, a wurin da bai kai ƙwayar dawa ba?

Na biyar su kan ce zancen Turawa ne, suna so su raba mu da al'adunmu. Ku ji labari. A Landan an yi wani babban likita, Isaac Baker Brown, wanda ya riƙa yanke wa matan Ingila ɗan-tsaka wai maganin farfaɗiya da taɓin hankali, har 'yan'uwansa likitoci suka kore shi daga ƙungiyarsu a 1867. A nan Amurka ma waɗansu likitoci sun ci gaba da irin wannan har cikin ƙarni na 20. Su ma sun yi, suka ga ɓarna, suka bari. Yaƙin nan kuwa matan Afirka ne a gabansa. A Dakar suka kafa kwamitinsu na yaƙi da al'adu masu cutarwa a 1984. Ranar 6 ga Fabrairu da duniya ke tunawa da ita kowace shekara, marigayiya Stella Obasanjo ce ta shelanta ta a Addis Ababa a 2003. A watan Yuli na 2024 majalisar Gambiya, ƙasar Musulmi, ta ƙi yarda a soke dokar hana kaciyar mata.

Na shida su kan ce, "An yi wa kakanninmu, ga su sun rayu sun haife mu." Haka ne, Allah ya saka musu da alheri. Amma waɗanda jini ya tafi da su ba su zo sun ba da shaida ba, an ce kwana ne ya ƙare. Waɗanda suka rayu kuwa kunya ta ɗinke bakinsu. Kuma wa ya ce ba mu barin al'ada? Cikin 'ya'yanmu da aka haifa a garin nan, nawa ne ke da tsaga a fuska? Mun bar wadda mutane ke gani domin kada a yi wa yaro dariya a makaranta. Ashe wadda ke ɓoye, mai kisa, ita ce ba ta baruwa?

KULA DA LAFIYAR WURIN

Wurin nan ba ƙazanta ba ne, ba ya kuma girma ya toshe hanyar haihuwa, ba ya cutar jariri in kansa ya taɓa shi. Tsarki da ruwa mai tsabta ya ishe shi. Sabulu mai ƙamshi da turare da kayan matsi su ne ke ƙona fatar su kawo ƙaiƙayi. In yarinya tana yawan susa, ko fatar ta yi fari, ko akwai kumburi ko ciwo, likita za a kai ta, yawancin irin wannan magani kaɗan ke warkar da shi. Amarya mai jin zafin saduwa haƙurin miji ta ke bukata da shawarar likitar mata. Mai naƙudar da ta wuce yini guda kuwa ba abin da zai fisshe ta sai asibiti.

Ga wani abu mai muhimmanci ga ungozomomi. Wani lokaci a kan haifi jaririya da ɗan-tsaka babba fiye da kima, sai tsofaffi su ce ga shi nan, a kira wanzami. A'a. Sau da yawa wannan alama ce ta ciwon wasu ƙananan gaɓoɓi da ke zaune bisa ƙoda. Ciwon kan sa jikin jariri ya riƙa zubar da gishirinsa, har ya iya mutuwa cikin mako na biyu ko na uku in ba a ba shi magani ba. Yana cikin abubuwan da a ke nema a ɗigon jinin da a ke ɗiba a diddigen kowane jariri a asibitocin ƙasar nan. Aska ba ta warkar da shi, sai dai ta ɓatar da alamar da za ta ceci rai.

GA IYAYENMU DA MATANMU DA AKA RIGA AKA YI WA

Ba ku da laifi, ba kuma ku ragu da kome ba a idonmu. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2024 mata da 'yan mata fiye da miliyan 230 ke raye da wannan tabo. Ku tuna babban ɓangaren ɗan-tsaka yana ciki inda aska ba ta kai ba, shi ya sa da yawa su kan sami gamsuwa in miji mai haƙuri ne mai tambaya. Zafi da ƙari da tabo suna da magani. Wani likitan Faransa, Pierre Foldès, ya ƙago tiyatar fito da sauran da ke ƙarƙashin tabon. A 2012 ya ba da labarin mata 2,938 da aka yi wa. Ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka koma aka duba su bayan shekara, cikinsu kimanin rabi suka ce suna samun cikakkiyar gamsuwa. Ba kowa tiyatar ke dacewa da ita ba, sai an yi shawara. Mai ciki kuma ta gaya wa ungozomarta tun da wuri, domin a shirya wa ranar haihuwa.

DOKA, DA ABIN DA MU KE ROƘO

Gana ta hana kaciyar mata a 1994, ta ƙara tsananta hukunci a 2007. Nijar ta hana a 2003, Nijeriya a 2015. Amurka ta yi dokarta a 1996. Da wani alƙali a Detroit ya rushe ta a 2018, sai Karolina ta Arewa ta yi tata a 2019, wadda ta kama mai yanka, da iyayen da suka yarda, da wanda ya fitar da yarinya daga jihar domin a yi mata. A watan Janairu na 2021 aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya mai ɗaurin da ya kai shekara 10. Cewa al'adarmu ce ba ya fid da kowa a gaban alƙali. Mun faɗi wannan domin kada wani ya ce bai sani ba. Amma abin takaici ne a ce tsoron ɗan sanda ne zai tsare 'yarmu, tausayin ubanta bai tsare ta ba.

Ku tuna da Fauziya Kassindja, 'yar Musulmi daga Kpalime ta ƙasar Togo. Muddin mahaifinta na da rai ba wanda ya taɓa ta. Da ya rasu sai dangi suka shirya aure da kaciya, ta gudo Amurka a 1994 tana da shekara 17, ta yi fiye da shekara guda a tsare kafin a ba ta mafaka a 1996. Kariyar mutum ɗaya tana ƙarewa ranar jana'izarsa. Saboda haka mu ke so maganar ta zama ta zongo duka.

Muna roƙon limamanmu su yi huɗuba a kanta kafin hutun Yuni. Muna roƙon Magajiya da shugabannin mata su kawo ta a wurin biki da adashi. Muna roƙon wanzamai, waɗanda sana'arsu ta gado ce mai daraja, su tsaya ga aski da ƙaho da kaciyar maza, su mai da aska kube in an miƙo musu 'ya mace. Ku samari, ku faɗa tun wajen neman aure cewa ba ku bukatar a taɓa kowa dominku, tun da da sunanku a ke yi. Mai kai yarinya gida kuma ya yi magana tun kafin ya sayi tikiti, kada ya bar ta ta kwana inda shi ko uwarta ba su nan sai ya sami alkawari bayyananne.

Ɗan'uwanmu mai saƙon murya kuwa mun ce masa, tsohuwa ba maƙiyiyar jikarta ba ce. Abin da aka yi mata ne ta ke so ta yi, don tana tsoron kada a ƙi yarinyar. Ya kira ta da ladabi ya ce, "Inna, Allah ya ƙara miki lafiya. Likita ya duba takwararki, lafiyarta lau, ba abin da za a cire. Na roƙe ki don Allah, kada aska ta taɓa ta. In kin yi mini alkawari, ga mu nan tafe." In ta yi fushi ya yi haƙuri, ya aika mata da limamin unguwa ko wani kawu da ta ke jin maganarsa. Fushin uwa yana hucewa, amma abin da aka yanke ba ya tsirowa, da na sani kuwa ƙeya ce. Har ranar da mu ke buga wannan takarda tsohuwa ba ta ba da amsa ba, tikiti kuma yana jira. Ku taya shi da addu'a.

Wanda ya ke da ja a kan abin da muka faɗa, dattijo ko yaro, malami ko wanzami, ya rubuto mana da hujjarsa, za mu buga a fitowa ta gaba ba tare da mun rage ko harafi ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amana, amin.

Haza wasalamu. Mu ne 'ya'yanku kuma 'yan'uwanku, masu buga wannan takarda.